Haki Bayan Haihuwa Ba Abin Jira Ba Ne

'Yan'uwana mata na Tsibiri, da na Bakura da Maradun, yau ga magana a kan mai jego.

Kwana arba'in ɗin nan da muke tsarewa, likitoci ma suna tsoronsu. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa, don kada ta zubar da yawa wajen haihuwa. Amma in ta yawaita kwanciya, balle wadda aka yi wa aiki, sai jini ya yi guda cikin jijiyar ƙafa. In gudan nan ya ɓalle, sai ya bi ta zuciya ya toshe hanyar jini a huhu.

Ga alamunsa: ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa tana ciwo. Sa'an nan haki farat ɗaya, da sukan ƙirji, da bugun zuciya da sauri, wani lokaci tari da jini. In ta yi gumi mai sanyi ko ta suma, to abin ya kai intaha.

Kada a ce iska ce a tsaya turare. Kada a matsa ƙafar, kada a bari ta taka. A ɗauke ta a mota zuwa babban asibitin Talata Mafara nan take.

Can za a sa mata iskar oksijin, a auna jininta, a duba zuciya, gama ciwon zuciya na jego shi ma yana kawo haki. In likita ya zargi guda, yakan fara allurar hefarin tun kafin hoto ya tabbatar. Wadda ƙarfin jininta ya faɗi ana iya ba ta maganin narkar da gudan, amma yana jawo zubar jini. Saboda haka mai rakiya ta faɗi ranar haihuwa daidai, da ko an yi aiki. In an ce a wuce Gusau ko Sakkwato, kada a ja.

A 2017 Serena Williams, 'yar wasan Amurka, ta ji haki kwana ɗaya bayan haihuwa. Ta nace a yi mata hoto, aka kuwa sami gudaje a huhunta, ta tsira.

Mai jego ta riƙa tashi tana zagaya tsakar gida, ta sha ruwa sosai. Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. Allah ya raya mana jarirai tare da uwayensu, amin.