Wa Ya Dasa Itatuwan Maraɗi?

A farkon shekarun 2000, wani masani ɗan Amurka, Gray Tappan, ya jera hotunan kudancin Nijar da aka ɗauka daga sama a 1975 kusa da sababbi, sai abin ya ɗaure masa kai. Gonakin Maraɗi da Damagaram da aka sani fayau sun cika da itatuwa. Da aka ƙiyasta, sun kai kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5. Wa ya dasa su?

An fara duba ayyukan dashe na gwamnati da ƙungiyoyi. Ba su ba ne, domin yawancin dashensu fari da awaki sun cinye shi.

Ashe bakin zaren yana ƙarƙashin ƙasa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa lokacin sassabe daga kututture mai rai yake fitowa, saiwarsa ta riga ta yi nisa. Abin yi kawai, manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙwari a gindin kalgo ko sabara, ya datse sauran, ya bar waɗannan su miƙe.

To yaya dabarar ta kai ƙauyukan da Rinaudo bai taɓa takawa ba? A yunwar 1984 an raba hatsi ga masu barin itace a gona, amma da tallafin ya ƙare akasarinsu suka sare. Ke nan ba hatsin ba ne.

Waɗanda suka yi haƙuri ne suka warware kullin. Matansu suka huta da doguwar tafiya neman makamashi, dabbobi suka samu ganye da rani, iska ta daina binne shukar gero da yashi. Maƙwabci ya gani, surukin da ya zo suna ya gani, labari ya bi kasuwa da gayya da 'yan cirani. Gani ya kori ji. Da dokar daji ta sassauta, kowa ya sakankance itacen gonarsa nasa ne.

Darasin ya shafi tsallaken iyaka ma: mutanen Batsari da Safana na jihar Katsina 'yan'uwan Katsinawan Maraɗi ne, kalgonsu da sabararsu ɗaya. Sai dai hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka, sun rage cin kasuwa da zumunci, hanyoyin da ilmin noma ke bi. Mai son sabuwar dabara ta samu gindin zama a can, ya fara da manomin da ake jin maganarsa, wanda gonarsa ke bakin hanyar kasuwa. Hukuma kuma ta tsare hanyar.