Tsohon Talabijin Mai Ƙusumbi: Ina Haɗarin Yake?

Iyaye a Shagari da Boɗinga sun sha kwaɓar yara cewa su ja baya daga talabijin, kada ya cuce su. Maganar tana da tushe.

Tsohon talabijin mai ƙusumbi yana da babbar kwalba a cikinsa. Fuskarta ce ake kallo. Ƙarfin wutar gida kamar 230 ne a ma'aunin lantarki. Amma a cikin akwati mai kala ana ɗaga ta har ta kai wajen 25,000 don hoto ya fito. Wuta mai ƙarfi haka tana haifar da wani haske wanda ido ba ya gani. Irinsa ne ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan ya yi yawa a jiki yana iya jawo ciwon daji.

A shekarar 1967, a Amurka, an gano akwatuna kimanin 90,000 na kamfanin General Electric suna yoyon wannan haske fiye da kima. Ta ƙasan akwati ya fi fita. A 1968 aka kafa doka a can, aka ƙayyade abin da zai fita. Gilashin kwalbar kuma mai kauri ne, an gauraya shi da dalma don ya tare hasken. Saboda haka akwati mai lafiya ba ya cutar da mai kallo. Talabijin na bango, na zamani, ba shi da wannan kwalba sam.

Haɗarin yana wajen buɗe akwati. Akwai na'urar da ke kashe shi idan wuta ta wuce kima. Mai gyaran da ya cire ta don aiki ya yi sauri, ganganci ya yi da iyalin wani. Kwalbar kuma takan riƙe wuta ko bayan an zare waya, har ta jefar da mutum.

Mafi muni shi ne fasa kwalbar don neman wayar tagulla ta sayarwa. Takan tarwatse, gilashi ya watsu, dalma ta shiga ƙasa. Ba a manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara.

Wanda ke da mataccen akwati ya ajiye shi a rufe, nesa da rijiya, inda yara ba za su kai ba.