Niyasin: Bitamin da Ke Taɓa Hanta



A ce mutum ya haɗiyi ƙwaya bayan tuwon dare, ya kora da shayi mai zafi. Kafin rabin sa'a fuskarsa ta ɗau zafi, wuya da kunnuwa suna raɗaɗi kamar an shafa musu barkono, ga ƙaiƙayi har ƙirji. Mai hasken fata yakan yi jajir; mai duhun fata kuwa ba lalle a gani ba, shi kaɗai ya san abin da yake ji. Aikin niyasin ke nan, wato bitamin B3, wanda ke buɗe ƙananan jijiyoyin jinin fata. Abin sha mai zafi da yaji da giya suna ƙara rura wutar, amma yawanci yakan lafa cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Abin da jikin babba ke buƙata miligiram 14 zuwa 16 ne a rana, kuma gyaɗa da kifi da nama suna samar da shi. A 1955 masana a Kanada suka gano cewa shan sa da yawa yana rage kitsen jini, aka riƙa rubuta wa marasa lafiya miligiram 1,000 zuwa 2,000. Ninki sittin ke nan, har da ɗori.

Zafin fuskar nan ba shi ya fi damuna ba, jama'a, domin yana sanar da kansa. Hanta ce ke cutuwa shiru, musamman da irin ƙwayar da ke narkewa a hankali. Sai an ga kasala da tashin zuciya, fitsari ya yi duhu, idanu sun yi rawaya irin na shawara. Niyasin yana kuma ɗaga sukarin jini, ya tayar da gyambon ciki, ya kumbura babban yatsan ƙafa da ciwon gawut.

Wani bincike da aka wallafa a 2014, kan mutane sama da 25,000 a Birtaniya da Sin da arewacin Turai, ya nuna ƙara niyasin a kan maganin statin, mai rage kitsen jini, bai rage bugun zuciya ba, sai ma ƙarin ciwon sukari da zubar jini. Shi ya sa likitoci suka ja baya da shi.

Wanda likita ya rubuta masa, ya riƙa gwajin hanta da na sukari. In idonsa ya sauya launi, ya nufi asibiti a ranar, da kwalbar maganin a hannu.