Yadda Aka Yi Jiyyar Sojan Yaƙin Basasa A Badun

Mutanen Sabo na Badun sun san babban asibitin koyarwa na Orita Mefa kamar yunwar cikinsu, gama daga unguwar ko da ƙafa ana zuwa. Amma ba kowa ya san irin aikin da aka yi a cikinsa zamanin yaƙin basasa ba, sa'ad da ake kawo sojojin da suka yi rauni daga bakin daga.

An buɗe asibitin nan cikin watan Nuwamba 1957 da gado 500. Ran 6 ga Yuli 1967 yaƙi ya ɓarke. Cikin Agusta sojan Biyafara suka ƙetaro Kwara suka kama Binin, suka matso har Ore a kan hanyar Ikko. Aka kafa Runduna ta Biyu a hannun Kanar Murtala Muhammed, ta kore su. Sai dai ta yi hasarar mutane da yawa wajen haye kogi daga Asaba zuwa Anaca cikin Oktoba, da kuma kwanton ɓaunar da aka yi mata a Abagana ran 31 ga Maris 1968.

Kafin yaƙi sojan Nijeriya wajen 10,000 ne, kafin ya ƙare sun kai kimanin 250,000, da yawansu 'yan Arewa. Likitocin soja ba su ƙaru haka ba, don haka tilas asibitocin farar hula suka ɗauki kaya. Masu karaya da waɗanda aka yanke wa ƙafa, akan kai su asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, wanda tun asalinsa an kafa shi ne don sojan da suka komo daga yaƙin Hitila da rauni. Waɗanda harsashi ya sama a ka kuwa, da yawa Badun aka kawo su.

Dalili shi ne a nan Dakta Latunde Odeku yake, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a fiɗar ƙwaƙwalwa, wanda ya buɗe sashen wannan aiki a 1962. Shi da abokin aikinsa Dakta Adelola Adeloye suka lura da wani irin rauni mai ruɗi. Harsashi yakan shafi tsakar kan soja ya wuce bai shiga ba, a ga ɗan tsagi kamar na wanzami. Alhali ƙarfin bugun ya farfasa ƙashi daga ciki, ya taɓa wurin da ke juya ƙafafu a ƙwaƙwalwa. Sai a ga mutum yana magana sarai, amma ƙafafunsa sun ƙi motsi. Magani shi ne a buɗe wurin, a tsince ɓarɓashin ƙashi da gudan jini, a wanke tun bai yi ruwa ba. A 1971 suka buga abin da suka gano, likitocin wasu ƙasashe suka ƙaru da shi.

Babban abokin gaban mai rauni shi ne jinkiri. Harsashi yakan shiga da ƙasa da tsumman kaki. Idan aka kwana biyu a hanya ba a gyara ciwon ba, sai ya ruɓe, ƙafar da za a iya ɗorawa ta zama sai yanka.

Yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu 1970, amma ga mai sandar guragu bai ƙare ran nan ba. An tara naƙasassun sojan tarayya a Oshodi don koyon sana'a, na ɓangaren Biyafara kuwa aka zaunar da su a Oji River. Wasu 'yan Arewa ba su koma gida ba, suka zauna nan Kurmi suna gadi ko 'yar tireda. Waɗanda suka rage a raye duk sun haura shekara 70.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu akan yi faretin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a watse. Tsohon soja mai ciwon ƙafa ba fure yake bukata ba, abin da yake bukata shi ne kuɗin magani da wanda zai raka shi asibiti ko ofishin fansho. Ya kamata Sarkin Sabo da limamai da masu unguwa su san nawa ne irinsu a cikin jama'arsu, su rubuta sunayensu, su haɗa su da ƙungiyar tsofaffin soja tun suna da rai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.