Mont Gréboun: Yadda ake gane kuɗin jirgin sama na hannu

A shekarar 2014, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sayo jirgin shugaban ƙasa samfurin Boeing 737-700 kan kusan miliyar 20 na CFA, aka raɗa masa suna Mont Gréboun, dutsen da ke jihar Agadez. Ya gaji Mont Baguezane, wanda aka saya zamanin Seyni Kountché, lokacin da kasuwar uranium ɗin Arlit ke ci.

Jirgin na hannu ne, kuma 'yan adawa sun ce ya yi tsada. Shin yaya ake gane kuɗinsa na gaskiya?

Masu saye sukan fara da littafin tarihin jirgin: awa nawa ya yi a sama, sau nawa ya tashi ya sauka, yaushe za a sake kwance injinansa. Daga nan su ɗauko injiniyoyinsu su bincike shi. Duk gyaran da aka gano, sai mai sayarwa ya yi shi ko ya rage kuɗi. Shafi ɗaya da ya ɓace na iya karya farashin.

Idan kuɗin baitulmali ne, mai biyan haraji a Arlit ko Anou Araren na da haƙƙin sanin abin da binciken ya nuna.