Najeriya da Nijar: Wuta, Kasuwa da Akwatin Zaɓe

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa zaman da ke tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, ƙasashe biyu da jami'ai ke son kira wa da ƙani. Ɗaya na da mutane fiye da miliyan 200 da tashoshin jiragen ruwa, ɗayar kuma mutanenta sun ɗan haura miliyan 25, ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya. Tambayarmu ita ce: idan babba ya taimaki ƙarami, taimakon na wa ne, kuma wa ke biya ranar da aka ɓata? Ku biyo mu.

(Kiɗa)

Iyakar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa gefen jihohi bakwai na Najeriya, daga Kebbi har Borno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, kuma sun tarar da mutanen tuni a haɗe. Sarakunan Katsina da jihadi ya tayar su ne suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata. Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnatoci suka bi sahun jama'a. A lokacin yaƙin basasar Najeriya, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin Gowon, alhali Faransa, uwar gijiyarsa, ta karkata ga Biyafara. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu mai hedikwata a Yamai.

Daga wannan zamani ne maganar wutar lantarki ta samo asali. Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya iso madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Tun cikin shekarun 1970 aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, har ta kai kafin juyin mulkin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. 'Yan Najeriya da ke kwana cikin duhu sukan yi ƙorafi a kan haka, kuma ba za a ga laifinsu ba. Sai dai wutar ba sadaka ba ce. Sayar da ita ake yi, sannan jami'an Najeriya sun sha bayyana cewa tsarin na rage wa Nijar kwaɗayin datse kogin daga sama. Kowa da abin da yake karewa.

Kasuwa kuwa ba ta jiran sa hannun minista. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari, ko Jibiya, ko Illela da ke fuskantar Birnin Ƙonni, ya san yadda abin yake. Shanu da raƙuma da raguna na gangarowa kudu, tare da wake da albasar Galmi da dabino. Masara da gero daga Dawanau, da siminti da kayan roba da na masarufi, na haurawa arewa. 'Yan canji na zaune da damin naira da na sefa, kuma farashin da suka faɗa da safe shi ke nuna inda kaya za su nufa. Yawancin wannan ciniki ba ya shiga littafin kwastan, don haka alƙaluman gwamnati kan nuna shi ƙarami. Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa da ƙarfi: shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano ta zagayo ta Maraɗi, da fetur da ya daɗe yana tsallakawa a jarkoki a zamanin tallafi.

Saboda wannan fasa-ƙwaurin ne gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020. Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2021, gwamnatin dai ta ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, a kan kusan dala biliyan 2. Mai saurare, ka lura: hannun da ya garƙame ƙofa shi ne ya zo yana shimfiɗa hanya. Ƙaramar ƙasa ba ta da ta cewa a duka biyun.

(Kiɗa)

To, sai batun zaɓe, inda taimakon ya fi sarƙaƙiya. A 2009, da Shugaba Tandja Mamadou ya dage kan tazarce, ECOWAS ta dakatar da Nijar, ta naɗa Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani. Sulhun bai kai ga nasara ba, sojoji suka kifar da Tandja a Fabrairun 2010, suka shirya zaɓen da ya kawo Mahamadou Issoufou a 2011. Shekaru goma bayan nan, tsohon mataimakin shugaban Najeriya Namadi Sambo ya jagoranci 'yan sa ido na ECOWAS a zaɓen da Mohamed Bazoum ya ci a zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairun 2021. Karon farko ke nan a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki. Wannan irin gudummawa tana da mutunci, domin tana tafiya ne ta hannun hukuma, a bainar jama'a.

Akwai kuma wadda ke tafiya ta hannun abota. A Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka bayyana a gangamin yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano, jam'iyyar PDP ta ce katsalandan ne. A 2022 aka gano gwamnatin Najeriya ta saya wa Nijar motoci na fiye da naira biliyan 1, ministar kuɗi Zainab Ahmed ta ce don tsaro ne, a daidai lokacin da malaman jami'o'i ke yajin aiki. A ganina nan ne rauni yake. Zumuncin ya rataya a wuyan shugabanni biyu masu jituwa, ba a kan dokokin da za su rayu bayan tafiyarsu ba.

An ga haka ƙarara bayan 26 ga Yulin 2023, ranar da dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Bazoum. Kwana huɗu bayan nan ECOWAS, a ƙarƙashin Shugaba Tinubu, ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Hujjar Abuja ita ce kare ƙuri'ar da 'yan Nijar suka kaɗa, kuma hujja ce mai nauyi. Amma wa ya ji a jikinsa? Majinyata a asibitocin Yamai, direbobin da kayansu suka ruɓe a kan iyaka, da magidanta a ɓangarorin biyu da abinci ya yi wa tsada. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙi. Daga ɓangaren Najeriya kuwa, waɗanda suka fara samun ganin Tiani ba jakadu ba ne: Muhammadu Sanusi na biyu ne tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris. Bazoum bai koma kujerarsa ba. Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Darasin da Yamai ta ɗauka shi ne kada ta sake dogara da wutar maƙwabci, kuma ba na jin wata gwamnati mai zuwa, ta soja ko ta farar hula, za ta manta da shi.

Duk da haka ba a rabu ba. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Maitama Tuggar ya je Yamai, ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar nan ta 1971. Kiranmu ga masu wannan zama shi ne su rubuta a fili cewa duk rikicin da zai taso nan gaba, ba za a taɓa wuta da abinci da magani ba, kuma su ba ƙungiyoyin 'yan kasuwar kan iyaka kujera a teburin.

Masu saurare, nan muka kawo ƙarshen shirin. Ku aiko mana da ra'ayoyinku, musamman ku mazauna garuruwan kan iyaka. A huta lafiya.