Sauƙaƙa Wa Masu Keken Guragu Shiga Kantunan Unguwa

A mafi yawan garuruwa da ƙauyukanmu, kantin unguwa ne wurin da jama'a ke sayen sabulu, gishiri, man girki da sauran kayan masarufi. Sai dai galibin kantunan nan an gina su ne a kan dandamali mai tsawo saboda gudun ruwan damina, ga kuma kwata shimfiɗe a bakin ƙofa. Wannan ya sa mai keken guragu, ko da kuɗinsa a hannu, tilas ya tsaya a bakin titi yana jiran wanda zai aika.

A watan Janairu na shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a watan Janairu na 2024. Mutumin da aka samu da laifin nuna bambanci zai biya tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko kuma duka biyun. Tarar kamfani kuwa Naira miliyan 1 ce.

Gyaran ba ya buƙatar rushe kanti. Abu na farko shi ne gangara a madadin matakala. Ƙa'idar magina ita ce, kowane santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na tsawon gangara, wato dandamali mai santimita 30 zai buƙaci gangara mai mita 3.6. Idan ta gaza haka, mai keke ba zai iya hawa shi kaɗai ba, kuma yana iya kifewa. Na biyu, a rufe kwata da murfin siminti mai ƙwari, domin katako yana ruɓewa. Na uku, faɗin ƙofa ya kai santimita 90, a kuma kawar da buhuna da jarkoki daga hanya. Tsofaffi da mata masu juna biyu su ma za su amfana.

Don haka ana kira ga jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi da su duba waɗannan abubuwa kafin amincewa da taswirar sabon gini. Haka kuma ana fatan dagatai da masu unguwanni za su faɗakar da 'yan kasuwa da magina a yankunansu.